Shaddar Baba Mai Laima

Salamu alaikum, 'yan uwana masu bin wannan labari. Na ga saƙonninku, masu tambaya ko lafiya da masu cewa na fara jan aji. Wane aji, jama'a. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya, duk sanda na zauna zan rubuta sai hawaye su rufe min ido. Yau dai na wanke fuska, na ce ko me zai faru sai na faɗa muku.

Ga wanda yau ya fara leƙowa, ni ce Tahiratu. A unguwar Bronx ta Amurka nake zaune da mahaifiyata, wadda nake kira Mma, mu biyu rak tun rasuwar babana. Da safe ina kula da wata tsohuwa a gidanta, da yamma ina kan keken ɗinki. Wanda nake so sunansa Nasser, ɗan Nijar ne, direba, rabin rayuwarsa a layin motocin filin jirgin sama na JFK yake yin ta yana jiran fasinja. Wanda Mma take so min kuwa Hakeem ne, ɗan Hajiya Rabi'atu da ke hawan samanmu, yana aiki a kantin magani. Ba zan yi masa sharri ba, Hakeem mutumin kirki ne, shi yake hawo wa Mma da buhun shinkafa ba tare da an roƙe shi ba. Zuciyata ce kawai ba ta wurinsa.

Watannin baya su Hajiya Rabi'atu sun sauko da kayan ƙwanƙwasa ƙofa, wato kayan neman aurena. Ban tsaya na ga ko ƙyalle ɗaya ba. Na ɗauki jakata na fice, da na dawo na ce wa Mma ta mayar musu da abinsu. Ta ce to. A wurinmu mutanen zangon Ghana dokar a fili take: muddin yadin da aka kawo yana cikin ninkinsa, ana iya mayarwa kuma babu wanda ya ji kunya. Amma in almakashin yarinya ya shiga ciki, ta amsa ke nan, ko ba ta buɗe baki ba. Da Mma ta ce min to, sai na cire maganar daga raina na koma kan aikina.

Aikin kuwa na Baba Mai Laima ne. Sunansa Alhaji Salifu Gariba, ɗan majalisarmu ne can gida Ghana, amma ban taɓa jin wani ya kira shi da wannan sunan ba. Ranar da aka turo motocin rusau kasuwar zangonmu, shi ne ya ari kujerar mai sayar da koko, ya zauna a gaban motar farko da baƙar laimarsa, ya ce a fara ta kansa. Babana yana saurayi a lokacin, shi ya riƙe masa laimar. Har ya bar duniya bai daina ba da wannan labarin ba. Bara Allah ya karɓi ran Baba Mai Laima, mutanenmu na nan suka ce sai an yi abin tunawa da shi. Wata 'yar ƙasarmu, Anti Adjoa, tana da ɗan ɗakin nuna zane a St. George, daf da inda jirgin ruwa yake sauke mutane. Ita ta ce in ɗinka barguna na bango, irin waɗanda Amurkawa ke kira quilt, kowane gida ya kawo abin da yake da shi.

Wallahi kun ga abin da mutane suka fito da shi? Tsohon ankon kamfen mai hotonsa, wanda wanki ya cinye har fuskar ta koma inuwa. Hulunan da suka ƙoƙe. Ƙwayoyin carbin da ya tsinke. Wani dattijo a unguwar Flatbush ya ba ni kaset ɗin jawabinsa wanda ya daina magana, na warware zaren na ɗinka shi ya zama ruwan sama. Na kwance ƙarafunan wata tsohuwar laima na ɗaure su da zare a kan babban bargon, wanda Baba yake zaune a tsakiyarsa. Falonmu ya koma kamar shagon tela ana gobe Sallah, ko ina ka taka allura.

Nasser ma ya kawo nasa. A cikin jirgin ruwa ya ba ni, wata Lahadi da ya raka ni auna bango. Muna zaune ta baya inda iska take, ya ciro leda daga cikin jaket ɗinsa ya ɗora min a cinya. Farin rawani ne, ya tsufa har ya koma ruwan madara, da wani tabo mai duhu a gefe ɗaya. Ashe mahaifinsa albasa yake kaiwa kasuwar zangonmu daga Galmi ta Nijar. Ranar rusau wani ya yi jifa, dutse ya fasa wa Baba goshi, mahaifin Nasser ya warware rawaninsa ya ɗaure masa kai. Bayan an sallame shi daga asibiti Baba da kansa ya kawo rawanin rumfar albasa ya yi godiya. Shi kaɗai ne abin da Nasser ya ɗauko daga kayan mahaifinsa da zai taho Amurka.

Na ce masa ba zan iya yanka wannan ba. Ya ce kada in yanka, in naɗa wa Baba shi yadda yake. Daga nan ya gaya min ɗan uwansa ya buɗe shago a Greensboro, wani gari mai nisa, yana so ya koma can ƙarshen wata su riƙe tare, kuma ba ya so ya tafi sai manyansa sun zo gidanmu. Na sa fuskata cikin mayafi ina dariya, shi kuma yana tsokanata wai 'yan Ghana ba su iya kunya ba sai sun ga an kalle su. Ban san ranar ce ta ƙarshe da zan yi dariya da shi ba.

Abu ɗaya ya rage min a babban bargon, rigar Baba. A ƙasa na shimfiɗa tsohuwar rigar aikin babana, ruwan toka, ta gadin garejin motoci da ya yi shekaru yana yi, har da sunansa Abdulai a ɗinke a ƙirji. Ba don kowa ya gani na sa ta ba. So nake ta zauna a ɓoye ƙarƙashin babbar riga, babana ya kasance a jikin mutuminsa. Amma yadin babbar rigar ya gagare ni. Shuɗiyar shadda nake nema, irin wadda Baba yake sawa a hotuna, duk wadda na gani a shaguna sai ta yi min haske ko ta yi min araha a ido. Na dame Mma da ƙorafi har ta daina amsa min.

Wata yamma ina durƙushe a kan bargon, ta fito daga ɗakinta da shadda a hannu. Shuɗiya, mai nauyi, tana ƙamshin turare, ninkinta ko motsi bai yi ba. Ta ajiye a gefena ta ce in duba ko wannan za ta yi. Na tambaye ta daga ina, ta ce tana cikin akwatinta. Jama'a, wace 'ya ce take tuhumar akwatin uwarta? Na rungume ta na ce Allah ya saka, na ɗauko almakashi. Na tuna ta tsaya a bakin ƙofar kicin tana kallona har na kai ƙarshen yadin, sannan ta shige. A lokacin na ɗauka babana take tunawa.

Ranar buɗewa na sa leshina ruwan hoda da mayafi fari, Mma ta sa ankon Baba na da, wanda ta ƙi ba ni in yanka. Ɗakin Anti Adjoa ya cika har waje. An kawo waakye, wato shinkafa da wake irin namu, da soyayyen kifi, 'yan Nijar sun zo da kilishi, tsofaffi suna tsaye gaban barguna suna neman ƙyallen gidansu, in sun gani su nuna wa jikokinsu, jikokin su amsa da Turanci. Wani tsoho ya cire hularsa gaban babban bargon ya yi ta kuka babu kunya. Nasser yana can gefe cikin farar jallabiya, idonsa a kan rawanin mahaifinsa. Da muka haɗa ido ya ɗora hannu a ƙirji. A raina na ce yau babana zai yi alfahari da ni.

Sai Hajiya Rabi'atu ta iso, da Hakeem a bayanta yana riƙe mata jaka. Ta tsaya gaban Baba, ta gyara gilashinta, ta matsa har hancinta ya kusa taɓa rigar. Ta kai hannu ta shafa shaddar, duk da an rubuta kada a taɓa. Sannan ta juyo ta rangaɗa guɗa.

Kowa ya waiwayo. Ta kama hannuna ta ɗaga sama, tana gaya wa mata cewa ita da kanta ta zaɓo wannan shaddar a Kumasi don kayan ɗanta, ga shi yarinya ta sa mata almakashi, kuma ba a jikin kowa ta sa ba sai a jikin Baba Mai Laima. Wace amsa ce ta fi wannan albarka? Mata suka yo kaina da runguma, ana ta Allah ya sanya alheri. Hakeem ya sunkuyar da kai yana murmushi. Na nemi Mma da ido, na same ta tana kallon ƙasa tana gyara bakin zaninta.

Da na samu na zame daga hannun mata, Nasser ba ya ɗakin. Na fita har bakin tashar jirgin da takalmi mai tsini, na tarar an rufe ƙofa, jirgin ya ɗaga. Na kira shi bai ɗauka ba. Ina tsaye a wurin saƙo biyu suka shigo, kusan tare. Na Hakeem ya ce: "Alhamdulillah. Na gode, Tahira. Ba za ki yi nadama ba in sha Allah." Na Nasser kuwa ga shi yadda ya rubuto:

"Na san al'adarku, babana ya zauna cikinku. Ba ni da abin cewa. In an gama nunin ki hidda min rawaninshi, ba ni so ya zauna bisa wannan rigar."

Na rubuta masa cewa ban sani ba, na rantse, na sake rantsewa. Ya karanta bai amsa ba. Kuma ban ga laifinsa ba. Wa zai yarda tela ta yanka yadi har ƙarshe ba ta san na waye ba?

Ni da Mma muka kama hanyar gida, daga jirgin ruwa zuwa jirgin ƙasa. Sai da muka shiga kicin ta ɗora ruwan shayi na tsaya a bayanta.

"Mma, kin san shaddar nan ta su Hakeem ce?"

Ba ta juyo ba. "Ni na miƙo miki. Ke kika yanka."

Ban taɓa jin maganar da ta yi min ciwo kamar wannan ba. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na shiga ɗaki na kwanta da leshin a jikina, ina jin matan bene suna hawa da sauka wurin Hajiya Rabi'atu, har an fara maganar kalar anko.

Washegari na ce wa tsohuwar da nake kula da ita ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba. Na sa reza a jaka na tafi St. George. Anti Adjoa ta buɗe min, ta ga idona, ba ta tambaye ni komai ba. Ita Kirista ce, amma a zango ta girma, ta san abin da guɗar jiya take nufi. Ta taya ni sauko da bargon muka shimfiɗa a ƙasa, ta juya allon ƙofa ya nuna an rufe, ta koma ofishinta.

Na durƙusa gaban Baba da reza a hannu. Ga rawanin da aka ce in cire, ga shaddar da aka ce na amsa. Na daɗe ina kallon fuskarsa, wadda na buga a kan farin yadi na zagaye da ƙwayoyin carbi. Sai na ce masa ya yi haƙuri, zan tuɓe masa riga a gaban mutane. Na fara daga wuya.

Wanda bai taɓa farke ɗinkin hannunsa ba ba zai gane ba. Kowane zare na san ranar da na sa shi, da waƙar da nake yi, da abin da nake tunani. Aikin wuyan nan da zaren azurfa ya cinye min idanu, ga shi ina bin sa da reza ina tsinkewa. Na yanke yatsa ban ma ji ba sai da na ga jini, na yi maza na sa a baki kada ya taɓa rawanin. Ƙyalle bayan ƙyalle na ɗaga shaddar na ninke na sa a leda, har na kai ƙasan rigar.

Da na miƙe na ja baya, sai ga Baba Mai Laima zaune ƙarƙashin laimarsa, da rawanin mai albasa a kansa, sanye da rigar gadin babana. Ruwan toka, gwiwar hannu ta ƙoƙe, ga Abdulai a ƙirji. Nan ne kukan da na riƙe tun jiya ya ƙwace min. Anti Adjoa ta fito ta tsaya a gefena, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a mayar da shi bango haka, kada in ƙara masa komai. Na ɗauki hotonsa na tura wa Nasser. Ban rubuta ko kalma ɗaya a ƙasa ba.

Na san yankakken yadi ba ya komawa ninki. Na san in na miƙa wa Hajiya Rabi'atu ledar nan, na ci mata fuska a gaban duk matan da suka ji guɗarta, kuma Mma ce za ta sha kunyar a masallaci da wurin suna. Duk na sani. Amma na ce gara in hau da ƙafata in durƙusa in faɗa mata gaskiya, da in bar Hakeem ya auri macen da aka yi wa dabara.

La'asar ta yi sanda na iso gida. Lif ɗinmu ya lalace kamar kullum, na bi matakala. Na wuce ƙofarmu ban tsaya ba, na juya kwanar da za ta kai ni hawan su Hajiya. A nan na tarar da Mma.

Tana zaune a tsakiyar matakalar, da hijabin sallarta, carbi a hannu. Ta jingina bayanta da bango ta miƙe ƙafafunta har suka taɓa ƙarfen riƙewa. Ƙafafun nan da suke kumbura, waɗanda nake shafa wa man zafi kowace yamma. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta kalli ledar, ta kalli yatsana da na naɗe da tsumma.

"Me kika bar masa a jiki?" ta ce.

"Rigar aikin babana."

Ta rufe ido. Na ga hawaye ya bi gefen hancinta ya shige hijabi. Na ɗauka za ta janye ƙafa, amma ba ta janye ba. Ta fara magana a hankali, ba ta kallona. Ta ce ita ba ta ƙi Nasser ba, yaro ne mai ladabi, kuma ta san abin da ubansa ya yi. Amma zai ɗauke ni ya kai ni garin da ko sunansa ba ta iya faɗa ba. Ta ce ta bar uwarta a zango ta biyo miji, uwar ta rasu ba ta ga gawarta ba, sai a waya aka gaya mata tana tsakiyar goge gidan wasu. Ta binne mijinta a ƙasar da ba tasu ba. Ni kaɗai ta rage mata. In Hakeem ne, ko tari ta yi zan ji ta ta cikin silin.

"Na yi miki ba daidai ba, na sani sarai," ta ce. "Allah ma ya sani. Amma ranar da na faɗi a banɗaki, wa zai buɗe ƙofa? Wa zai yi min wanka in na mutu, Tahira? Baƙi?"

Na ce mata za mu tafi da ita, Nasser ya sha faɗa. Ta girgiza kai, ta ce ba za ta sake barin kabari a baya ba. Na durƙusa a matakalar da ke ƙasa da ita na ce ta yi wa Allah ta ba ni hanya, in kai wa mutane kayansu in dawo mu yi magana. Ta share fuska da bakin hijabi, ta gyara zaman ƙafafunta.

"Ga hanya nan. Ki tsallake."

'Yan uwa, tun da aka haife ni ko takalmin Mma ban taɓa tsallakewa ba. In na tarar da shi a bakin ƙofa, ɗagawa nake in ajiye gefe. Ta san haka, shi ya sa ta zauna a wurin.

Wayata ta fara rawa a cikin jaka. Na ciro, sunan Nasser ne, kiransa na farko tun jiya. A sama kuma na ji an zare sakata, muryar Hajiya Rabi'atu tana tambaya cikin fara'a ko amaryarta ce take jin motsinta. Mma ba ta kalli sama ba, ba ta kalli wayar ba. Ni take kallo, kuma a lokacin na lura ƙafarta ta hagu ta kumbura fiye da jiya, babu wanda ya shafa mata mai.

Na ajiye ledar a kan matakala. Wayar tana ta ruri a hannuna na dama. Na kai na hagu na ɗora a kan ƙafar Mma, ban san ko ɗaga ta zan yi ko shafa ta ba.